Mai Ayaba a Bangon Aji Biyar

Ban je koyon kwamfuta da son raina ba. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa na ta maganar sabon zamani, har hedimastanmu da bai san inda ake kunna kwamfuta ba ya riƙe "duniya ta ci gaba" a bakinsa, ba ya buɗe taro sai da ita. Makarantarmu firamare ce a unguwar Television, ni ce malamar aji biyar. Da aka aiko a tura mutum ɗaya horaswa a dogon hutu, malamai maza duk suka tuna suna da gona a ƙauye. Ni da ba ni da gona, sai baki, ni aka tura.

A wata sakandare aka tara mu. Kwamfutoci a jere, an lulluɓe su da leda saboda rufin yana yoyo. Mai koya mana wata matashiya ce 'yar Binuwai, Madam muke ce mata, mai haƙuri har ya riƙa ba ni haushi. Ranar farko ta ce in tura linzamin kwamfuta zuwa dama. Na tura, na tura, har na kai bakin tebur, kibiyar da ke allon ba ta isa inda ake so ba. Sai na miƙe na fara jawo teburin maƙwabcina in haɗa da nawa. Ta zo ta ɗaga linzamin da yatsu biyu, ta mayar da shi tsakiyar tebur, ko murmushi ba ta yi ba. Sauran malamai kuwa har da mai buga benci don dariya, alhali yawancinsu ba su fi ni iyawa ba.

Da aka zo kan ainihin abin da ya tara mu, sai na nutsu. Ta nuna mana yadda ake ɗaukar hoto da kyamara marar fim, a zuba hotunan a kwamfuta, a jera su, sannan mutum ya yi magana a makirufo, muryarsa ta hau kansu ta zama labari. Na gwada da mai gyaran takalmi da ke bakin ƙofar makarantar. Da na ga hannunsa da allura suna wucewa a allon kwamfuta, muryata tana bin su daga sifika, sai da tsikar jikina ta tashi. A ranar kuma na gane dalilin da ya sa yara ke watsewa in na kira su, don ashe muryar nan tawa kaifi gare ta ba kaɗan ba. Daga nan ni ce ta farkon zuwa, ni ce ta ƙarshen tashi.

Doka guda Madam take nanatawa. "Malamai, abeg, ba na son hoton mutum ya ƙame kamar soja. Ku kama shi hannunsa na kan aiki." Da aka gama, kowace makaranta aka ba ta aron kwamfuta da kyamara. Madam ta ce ƙarshen zango za ta zagayo da majigi, a haska wa iyaye abin da yaransu suka haɗa.

Na koma aji da zumuɗi. Na ce labarinmu sunansa aikin iyayenmu, kowane yaro zai tafi gida da kyamara ya ɗauko babansa ko mamansa a bakin aiki. Na zura kyamarar cikin safa, na sa safar cikin kular abinci, na ce duk wanda ya yar da ita kada ma ya dawo Television, ya zarce ƙauyensu kawai.

Yaron farko babansa lodin kaya yake yi a wata masana'anta a Kudenda. Na buɗe hoton, sai ga mutum cikin kwat ɗin aurensa, da lakatayi, Littafi Mai Tsarki a hammata, ya jingina da wata jar mota. Ta biyu mamanta ƙosai take soyawa a bakin layi, mun san ta, kullum ido ja saboda hayaƙi. A hoto kuwa ga ta cikin ankon zumuntar mata, ta harɗe a kujerar kushin, furen roba a gefenta. Tela ya fito ba keken ɗinki, nas ta fito ba asibiti, mai gadi ya fito da babbar riga. Na yi faɗa har muryata ta dusashe. Na aika wa iyaye cewa aiki nake so in gani, ba kwalliyar Kirsimeti ba.

Washegari mai lodin nan ya biyo ta makaranta kafin ya wuce aiki. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malama, tsakani da Allah, da girmana za ki haska ni a majigi da singileti da gumi? Surukaina fa suna garin nan."

A wurinmu hoto abu ne da ake yi wa wanka. Mai hoto kan zo a keke ranar biki, a shafa mai, a ƙame, a rataye a falo don baƙi. Ni kaina duk hotunan da ke bangona babu wanda nake riƙe da alli. Na haƙura, na ce wa yaran to kowa ya bar hotonsa yadda yake, amma in an zo magana a makirufo, gaskiya za a faɗa.

Akwai wata yarinya a ajin, ita ce mafi ƙanƙanta, ba ta magana sai an tambaye ta. Mamanta kullum da sassafe take hawa mota zuwa Gonin Gora, tana sayar wa matafiya ayaba a bakin hanyar Abuja. Kyamara ta faɗo wa yarinyar ran Asabar, ranar da take bin uwar ta taya ta. Ran Litinin na buɗe hotonta, sai da na tafa hannu. Ga matar a guje gefen wata bas, faranti a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya miƙa nonon ayaba ta taga. Ɗankwali ya zame, baki a buɗe, ƙafa ɗaya ba takalmi, silifar na can baya a kan kwalta. Na juya kwamfutar ga aji, na ce, "Kun ga hoto! Wannan nake nema tun farko!"

Ajin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce mamanta ta yar da silifa, wani ya buɗe baki yana kwaikwayo. Na daka musu tsawa suka yi tsit, amma yarinyar ta riga ta kifa kai a tebur.

Bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita. "Malama, a goge shi," in ji ta, murya can ƙasa. "Ba ta san na ɗauka ba. Ranar majigi kowa mamansa da leshi, ita kaɗai za a gani haka. Za su yi mata dariya a gabanta."

Abin ya tsaya mini a rai. Hoton ya fi duk sauran kyau, na san haka, amma mutuncin da za a taɓa ba nawa ba ne. Na ce mata ba zan goge ba tukuna, kuma ba zan haska ba sai uwarta ta yarda, ita ma ta yarda. Asabar ta gaba na hau mota da kaina zuwa Gonin Gora. Na sami matar a cikin 'yan uwanta masu talla, na gabatar da kaina, na miƙa mata kyamarar ta duba. Allon bai fi akwatin ashana ba, ga rana tsaka. Ta kanne ido, ta juya shi, ta ce, "Malama, ni ba na ganin komai a nan. In kin ga ya yi, ki nuna kawai." Kafin in yi bayani wata mota ta rage gudu, ta dangwara mini kyamarar a hannu ta bi ta. Na jira ta dawo, na ce mata a guje fa aka ɗauke ta, ba kwalliya. Ta ce to da a zaune take sayarwa? Ta cusa mini ayaba a jaka, ta ƙi karɓar komai, wata motar ta sake janye ta.

Na dawo da izini, amma izinin wadda ba ta ga abin da idonta ba. Na faɗa wa yarinyar yadda muka yi. Na ce ta zauna gaban makirufo ta faɗi abin da ta gani ranar, in ta saurara ba ta so, zan cire. Ta yi maganarta a hankali, muka saurara tare. Ta daɗe tana murza bakin rigarta, sannan ta ce a bar shi. Kwana biyu ta dawo ta ce a cire. Ana gobe majigi ta ce a bar shi, amma a sa shi ƙarshe.

Ranar majigi da la'asar ajin ya cika har taga. Madam ta zo da na'urarta, mun aro janareta daga wani mai aski. Sai ga matsala: tagoginmu ba marufi, haske ya hana hoto fitowa a bango. Hedimasta ya fara dogon bayani, matan ba su jira shi ba. Kowace ta kwance zaninta na sama, aka rataye a tagogi, ajin ya yi duhu da zannuwan atamfa kala-kala. Mai ayaba ta shigo a makare, ta sha ankon coci da ɗauri mai tsayi, ta zauna a bencin baya. Yarinyar ta zo ta tsaya bayana, ta riƙe gefen zanina.

Na danna. Mai lodi ya bayyana a bango da kwat ɗinsa, ya gyara zama yana kallon jama'a. Sai muryar ɗansa ta fito: "Wannan babana ne. Ba haka yake zuwa aiki ba. Motar ma ba tamu ba ce, ta mai gidanmu ce." Ajin ya kece, mai lodin da kansa ya fi kowa dariya, yana nuna yaron da yatsa yana cewa za su haɗu a gida. Muryar ta ci gaba ta ce buhun da babansa ke ɗauka ya fi shi nauyi, kuma in ya dawo shi yake taka masa baya. Haka aka yi ta yi. 'Yar mai ƙosai ta ce furen aro ne, amma ƙosan mamanta har daga Kudenda ake zuwa saya. Iyaye na ihu, suna tafi, wasu na share hawayen dariya. Madam da ta kafa dokar hannu a kan aiki tana riƙe da ciki don dariya.

Sai hoton ƙarshe ya cika bangon. A allon kyamara ɗan mitsitsi ne, a nan kuwa matar ta fi ƙofa tsayi, har jijiyar wuyanta ana gani. Dariya ta fara tashi daga wajen yara maza. Hannun da ke riƙe da zanina ya ƙara damƙewa. Sai muryar yarinyar ta fito daga sifika.

"Wannan mamata ce. Tana gudu ne don motocin ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi. Wata tsohuwa ce a ciki ta ce jikanta na jin yunwa. A Gonin Gora babu wanda ya kai mamata gudu, ko maza. Silifar ni na ɗauko mata."

Daga bencin baya matar ta miƙe. "Malama, kar ki cire shi."

Ta ratso tsakanin benci har gaban bango, inuwar ɗaurinta ta hau kan bas ɗin. Ta matsa gefe, ta ɗaga kai, ta duba daga farantin har ƙafar da ba takalmi.

"Ni ce wannan?" Ta dafa ƙirji. "Kai! Ashe haka nake gudu?" Ta juyo ga matan, fuska a washe. "Kun gani ko? Motar nan fa na kama ta! Direban ma sef bai so ba, amma na kama ta!"

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, ajin ya rikice da tafi. Na ji mai lodi yana ce wa na kusa da shi, in haka ne shi ma a kawo masa kyamarar nan Kudenda. Ni dai farin ciki ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuna, na rungume Madam da linzamin a hannu.

Da hayaniya ta lafa, matar ta matso kusa da teburinmu. "Malama, abeg a sake kunna maganar. Ɗazu hoton ne ya ɗauke mini hankali, ban ji abin da 'yata ta ce da kyau ba."

Na mayar da shi baya, na danna. Wannan karon ba ta kalli bango ba. Ta juya wa hoton baya, ta tsaya tana kallon yarinyar da ke leƙowa daga bayana, tana sauraro. Da aka zo wurin silifa, ta ja bakin ɗaurinta ta goge ido, ta buɗe hannu biyu. Yarinyar ta saki zanina, ta tafi a guje.