Yadda Aka Sauko da Savoeun Daga Giginya

Maƙwabcina Savoeun ya fi daɗewa a kan giginya fiye da kan gado. Biri nake kiransa, shi kuma ya ce da ni Kunkuru. Tun muna samari yake hawa tsanin gora da ya ɗaure a jikin giginyoyinsa, ya tari ruwan zaƙi, a dafa a yi mazarƙwaila. Sana'ar ba ta san hutu ba. Safe da yamma sai an yanke bakin furen da ruwan ke ɗiga daga cikinsa, in aka yi fashi ya bushe, sai baɗi. Shi ya sa baƙi daga ƙarshen duniya suka fi shi sanin kufan tsoffin gine-ginen da ke bayan garinmu.

Bana ƙafarsa ta zame a kan tsani, ya yi lilo da hannu ɗaya. 'Yarsa Kunthea ta yi kuka, ta yi faɗa, ya ce da ita iska ce. Sai ta ɗauko hayar mota, wai za ta kai shi yawon buɗe ido, a dawo kafin la'asar. Ni na bi don abinci.

A hanya muka ci taliyar shinkafa da miyar kifi. A dutsen Kulen ya tsoma ƙafa a rafi, yana kallon zanen da mutanen dā suka sassaƙa a ƙarƙashin ruwa.

"Biri, ashe ƙafarka ta san ruwa?"

"Rufe baki, Kunkuru. Ƙarfe nawa?"

Kunthea ta ce saura wuri ɗaya. Wurin nan Koh Ker ne, wani kufai can cikin daji, kuma ta riga ta kama mana ɗaki. Washegari ta ce direba ba ya jin daɗi. Direban da na gani yana lashe kwano!

Da yamma muka hau wani tsohon ginin dutse mai hawa-hawa da ke wurin. Ni ina haki, shi ya riga kowa isa. Na tarar da shi ya dafa ƙarfen da aka kewaye saman da shi, iska na kaɗa masa riga, daji shimfiɗe har iya gani. Babban yatsansa na motsi a kan ƙarfen kamar mai riƙe da wuƙa.

Ya ce, "Yanzu ne lokacin yanka."

Kunthea ta iso ta tsaya bayansa. "Baba, ka yi haƙuri."

"Tun a rafi na gane, 'yar nan. Uwarki ma ba ta iya ƙarya ba."

Muka sauko tare.

Da muka koma furanni sun bushe. Da kansa ya kwance tsanin, ya ba ni in yi shingen kaji. Yanzu da yamma yakan zauna a gindin giginya, kansa a sama. In na ce wuya zai ƙage, sai ya ce, "Kai da ba ka taɓa hawa ba, me ka sani? Can sama iskar daban ce."