Ranar da Aka Sauko da Inna daga Bene

Shekarun baya, muna zaune a tsohon gidan mahaifina a Gusau, mai ɗaki ɗaya a sama da matakalar katako. Tun rasuwarsa mahaifiyata ta koma ɗakin, ta ce nan ta fi samun iska.

Wata rana katako ɗaya ya ɓalle a ƙarƙashin ƙafar matata, Allah ya taimaka ta riƙe bango. Na kira wani kafinta a unguwa, ya buga sabon katako, ya shafa fenti, ya ce an gama. Amma kullum Inna ta taka sai in ji matakalar tana ƙara.

Wani abokina ya ba ni labarin wani dattijon kafinta a Tsafe. Na je, aka ce ya koma wurin ɗansa a Bungudu. Sai a zuwa na biyu na same shi, na ɗauko shi da hantsi.

Bai ko kalli fentin ba. Ya zagaya ƙarƙashin matakalar, ya ƙwanƙwasa babban itacen da ke riƙe da ita, sannan ya danna masa babban yatsa. Yatsan ya shige. Gari ya zubo masa a hannu. Gara ta cinye cikin kaf, ɓawo kawai ya rage.

"Akwai kowa bisa?" ya tambaye ni.

Na ce mahaifiyata. 

Na yunƙura zan hau in ɗauko ta, ya riƙe mini riga, ya dubi tumbina, ya ce in na taka to mu biyu za a kwasa. Ya sa aka aro azara biyu a maƙwabta, ya tokare itacen, shi kuma ya sa kafaɗarsa a tsakiya. Sannan ya ɗaga murya.

"Hajiya, ki bi gefen bango. Kada ki taka sai na ce."

Inna ta fito da butarta, tana mitar an hana ta sakat. Taki ɗaya, sai ya ce ta tsaya. Garin itace na zuba a kan hularsa. Ni da na zo ceto ina tsaye hannu a buɗe, addu'ar ma ta kakare mini. A taki na shida wani abu ya yi ƙas, azara ɗaya ta goce. Ban san lokacin da na cafke azarar ba. Dattijon bai ɗago ba, ya ce Inna ta ci gaba.

Da ta taka ƙasa na zauna daɓas. Ita ce ma ta miƙo mini ruwa.

Kwana huɗu dattijon ya yi yana haɗa sabuwar matakala. Inna ta hau ta shekara da shekaru, har ta rasu a kan gadonta, muna kewaye da ita. Ina kewarta ƙwarai, amma duk sanda na tuna ranar nan nakan gode wa Allah da rabuwarmu ba a gindin matakala ta zo ba.