Watan da Ni Kaɗai Na Gani

Edita, a ɓoye sunana. Lokacin Argungu na ƙarƙashin jihar Sakkwato, ni saurayi ne a wani ƙauye kusa da Gulma, ina noman shinkafa ina taɓa kamun kifi. Abin da nake taƙama da shi kaifin ido ne. Shekaru da dama ni ke fara hango jinjirin wata, har liman ba ya yanke magana sai ya ji ta bakina. Kai, na ji daɗin wannan girma, kaina kuwa ya kumbura.

Ana saura kaɗan azumi, dalmar ragar kifi ta dawo ta make ni a idon dama. Kumburin ya sace, amma tun daga nan nakan ga wani haske siriri, lanƙwasasshe, yana giftawa ta gefen idon. Mahaifiyata ta ce in tafi asibiti Birnin Kebbi, na ce mata lafiyata lau. Tsorona kada a ji idon mai ganin wata ya samu matsala.

Da azumi ya kai ashirin da tara, muka fita bakin fadama bayan faɗuwar rana, kowa na kallon bakina. Sai ga hasken nan, daidai inda wata ke tsayawa. Wallahi zuciyata ta gaya mini ko mene ne, amma na ɗaga hannu na ce ga shi can. Babu wanda ya gani sai ni. Liman ya tambaye ni ko zan rantse, na rantse.

Da safe muka yi sahu a filin idi. Liman ya tayar da kabbara, sai ga watan nawa ya gifta a bayan rigarsa, ga rana ta fito sarai. Kafin azahar masu dawowa daga Argungu suka ce can kowa da azuminsa, mu kuwa har tsofaffi sun ci tuwon salla.

Da yamma na je na durƙusa na faɗa wa liman gaskiya. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi: “Ɗana, mu rana guda za mu rama. Kai tafi a duba maka idonka.” Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

A Birnin Kebbi likita ya ce wani abu ne ya yage a cikin idon, kuma na makara. Idon ya tafi, hasken bai tafi ba.

Don Allah duk wanda ya bugu a ido yana ganin walƙiya, ya je asibiti, kada girman kai ya sa ya ɓoye. Ni har yau in aka fita duban wata gida nake zama, don kusan kullum ina ganinsa, kuma ba ni da bakin faɗa.