Rodin Nomau da rariyar da na toshe

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nomau, amma sai daminar bana na gane aikin da ya yi wa unguwarmu a Sabon Birni. Na ga gara in rubuta, ko da yake a labarin ni ne mai laifi.

Nomau manomin gero da dawa ne, bai gaji wata sarauta ba. 'Yan unguwa ne suka naɗa masa ɗaya don tsokana: Sarkin Rariya. Gidajenmu a jere suke a kan gangare, kuma a gindin kowace katanga akwai rariya, wato kafar da ruwan sama ke bi daga gidan sama zuwa na ƙasa, har ya fita ta gidan ƙarshe ya nufi gulbi. Da rani mutane kan cusa tsumma ko dutse a ciki saboda maciji da kajin maƙwabta, sannan su manta. Nomau ba ya mantawa. Da an fara ganin hadari a gabas sai ya ɗauki dogon rodinsa ya bi gida gida yana sallama. Ya san ruwan wa ke bi ta gidan wa kamar yadda ake sanin dangi.

Ni kuwa abin kunya yake ba ni. Ina malamin makaranta, ga yayana durƙushe a bayan ɗakin mutane, hannu dumu-dumu da taɓo. Na taɓa ce masa ya bar kowa ya ji da gidansa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Bello, ruwan ga ba naka na ba, ba nasu na ba. Daga tudu yat taso, gulbi za shi. In ka tare mai hanya, ɗakin wani za shi ci." Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi cikin rani, rodin kuma ya zauna a zaurena yana tsatsa.

Shekara uku da suka wuce na rushe katangar ƙasa da ke tsakanina da Inna Kulu, tsohuwar da gidanta ke sama da nawa, na tayar da ta bulo. Magini ya tambaye ni ko a bar rariya, na ce a'a. Ba zan yi ƙarya in ce don maciji ba ne. Na shafe tsakar gidana da siminti, ba na son kashin awakinta yana ratsa shi. Damina biyu suka wuce lafiya, domin ruwanta ya samu hanya ta zaure ya bi lungu.

Lungun nan yanzu babu shi. Mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka irin su Gatawa sun gina 'yan ɗakuna duk inda suka samu fili, har cikin kwarin da ruwa ya saba bi. Nakan tambayi kaina me Nomau zai ce da ya ga haka. Na tabbata ba zai ga laifin wanda ya tsero da ransa ba. Zai dai tsaya ya daɗe yana duban gangaren, ya sake lissafa hanyar ruwa daga farko, abin da babu ɗayanmu da ya yi.

Bana aka kwana uku ana tsuga ruwa da tsawa, a ɗauke da hantsi a dawo da azahar. Ƙasa ta ƙoshi, gulbi ya cika har ya daina karɓar na gari. A rana ta uku, bayan la'asar, na ji ƙarar kwarfar ruwa a bayan katangata. Na taka turmi na leƙa. Inna Kulu na tsaye cikin ruwa har gwiwa, tana kwarfa da tasa tana watsawa inda zai sake dawo mata. Ruwan ya haye duwatsun da rumbunta ke kai, yana lasar gindinsa. Geron da ke ciki shi ne abincinta kaf, domin gonarta ta nesa ba ta zuwuwa yanzu saboda rashin tsaro.

Na ce, "Inna, mi ya hana ki aiko?"

Ta ce, "Malam, na ga ka gyara gidanka. Ban so in ɓata maka."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗauko rodin Nomau na fasa bulona da hannuna. Ruwa ya shigo ja wur, da kashin awaki da karan dawa, ya shimfiɗe a kan simintin da nake taƙama da shi, sannan ya tsaya cak. Rariyar gidan da ke ƙasa da nawa ita ma a toshe take. Haka na fita cikin ruwan na bi gida shida ina sallama. A gida na huɗu wata mata ta dube ni da rodi a hannu ta ce, "Ashe sarautar ba ta mutu ba." Ban iya yin dariya ba, hawaye ne ya zo mini.

Rumbun ya tsira, amma ɗakin girkin Inna Kulu ya zube washegari, kuma na san katangata ce ta kayar da shi. Da ruwa ya ɗauke na sa an tayar mata da wani, ta yi ta godiyar da ban cancanta ba.

Nomau bai bar gini ba, bai bar littafi ba, 'ya'yansa ma sun watse neman abinci. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ɓarakar da na yi wa katangata tana nan, magini ya zo sau biyu yana cewa ta yi muni, in bari ya rufe ta. Na ce ya daidaita bakinta kawai ya bar ta a buɗe. Rodin kuma na goge masa tsatsa, na jingine shi kusa da ƙofa.