Muryar Inna a Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Muna sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ni da wani abokina ɗan Sanyinna mai babur, ko shayi ban tsaya sha ba. Kawuna ne sanadin wannan gaggawa. Tsohon malamin firamare ne a Kebbe, kuma tun da ya yi ritaya yake bin tsofaffin garin yana ɗaukar muryarsu suna ba da labarin da, yana tarawa a wata tsohuwar kwamfuta da na ba shi. Da yawansu sun rasu, har da mahaifiyarsa, kakata Inna, kuma babu kwafin ko ɗaya a wani wuri. Ni na sa wa kwamfutar manhajar Linux, ni ɗin dai na ce masa duk ranar da ta nemi sabuntawa ya yarda. To ya yarda, ta mutu ta ƙi tashi. Da ya kira ni ya ce wani mai gyaran waya zai yi mata fomat da safe, sai da na miƙe tsaye. Fomat fa, a share komai! Ina cikin roƙon kada a taɓa ta layi ya yanke, ban san ko ya ji ni ba.

Hanyar Kebbe a damina sai wanda ya bi ta. An kwana biyu ana ruwa, gero ya yi kai dama da hagu gwanin sha'awa, amma hanyar kanta duk ta zama caɓi. Sau biyu muka sauka muna tura babur, a na biyun takalmina ya maƙale sai da na sa hannu na zaro shi. Abokina sai dariya yake, wai injiniyan kwamfuta guda ga shi yana kokawa da laka. A wani ƙauye ya rantse ba zai ƙara gaba ba sai ya ci masa. Masar ta yi daɗi, da zafinta da ƙuli, ga araha, amma wallahi ni ƙasa nake ji a bakina. Man fetur kuwa na kwalba ne, kana nisa da kwalta yana ƙara tsada, mai sayarwa ko kunya ba ya ji.

Sai da rana ta take tsaka muka isa. Muka iske Kawu a rumfar mai caji da ke jikin masallaci, inda yake zama da kwamfutar kullum, don batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wutar janareto take aiki. Mai gyaran waya na zaune gefensa da filashin da zai yi fomat ɗin da shi a hannu. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, “Kawu, an taɓa ta?”

Ya ce, “Ba a taɓa ba, ɗana. Na ce mai shi dakata in ga ko kana tahe.”

Na zauna daɓas a kan benci, na jawo kwamfutar gabana.

Na kunna ta. Allo baƙi, ’yan layukan farin rubutu, daga nan ta cije. Na tambayi yadda aka yi, Kawu ya ce tana tsakiyar sabuntawa aka kira azahar, mai caji ya kashe janareto kamar yadda ya saba kowace salla, ita ma ta ɗauke nan take. Nan na gane ciwon. Abin da take canzawa a lokacin shi ne kanel, wato zuciyar manhajar, wadda ke fara tashi kafin komai ya tashi. An katse ta sabuwar zuciyar ba ta gama zama ba. Fatana ɗaya, tsohuwar tana nan ba a goge ta ba.

Dabarar ita ce ka danne maɓallin Shift tana fara kunnuwa, sai ta nuna maka jerin kanel ɗin da ke cikinta. A gwaji na farko na makara. Na biyu hannuna ya zame, mai gyaran waya ya yi ƙwafa ya ce da an bar shi da tuni an gama. Na yi kamar ban ji ba, alhali raina ya ɓaci. A na uku jerin ya fito, ga tsohon kanel a layi na ƙasa. Na zaɓe shi da bisimilla. Ta yi jim, ta yi jim, sai ga hoton gonar Kawu ya cika allo. Kawu ya ɗaga hannu sama yana hamdala, abokina ya buga tafi har masu karɓar waya suka juyo.

Ban taɓa komai ba sai da na soma kwashe muryoyin zuwa filashina. Aikin ya wuce rabi ke nan ladan ya ɗaga murya, na ga mai caji ya miƙe ya nufi janareto. Na yi wuf na tare shi ina roƙo.

Ya ce, “Malam, tun da nib buɗe rumfag ga, injin bai taɓa ƙara ana salla ba.”

Gaskiyarsa, don ƙarar na shiga har sahun gaba. Kawu ne ya sasanta mu, aka yarda a bar shi har a ta da iƙama. Na yi alwala a bakin rumfa, ido ɗaya na kan buta ɗaya na kan allo. Ana cewa a daidaita sahu kwafin ya kammala, na kashe kwamfutar da hannuna, mai caji ya kashe injinsa. Ban san ranar da na yi salla da sanyin rai irin na wannan azahar ba.

Bayan salla na sa ta ƙarasa sabuntawar da aka katse, na sake kunna ta, ta tashi lafiya lau da sabon kanel. Mai gyaran waya ya matso yana tambayar sunan maɓallin, na nuna masa, muka rabu da dariya. Ina haɗa kaya Kawu ya ce in dakata, akwai saƙona da yake riƙe da shi shekara biyu, ban zo Kebbe ba balle ya ba ni. Ya danna wani fayil. Sai ga muryar Inna, da ’yar shaƙewar nan tata, tana yi min wasan jika:

“Ina mijin nau na Tambuwal? Malalaci! Ko goro bai aiko min ba. Ka ce mai na yi hushi, sai ya taho da kainai.”

Sannan ta kece da dariya. Jama'a, ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, a gaban kowa. Kawu ya sake danna shi na ƙara ji.

Mun iso Tambuwal kafin magariba, laka har gwiwa, ni kuwa jina nake sakayau. Na koyi cewa abin da ba a iya sake samu ba a ajiye shi wuri ɗaya, yanzu muryoyin suna wuri uku: kwamfutar Kawu, filashina, da tawa kwamfutar a gida. Na koyi cewa a Kebbe kafin ka yarda da sabuntawa sai ka duba saura minti nawa a kira salla. Na kuma ga yadda na bar zumunci ya yi nisa, ina fakewa da munin hanyar da na bi a rabin yini saboda kwamfuta. Washegari na sayi goro na raba a ƙofar masallacinmu. Aka tambaye ni na mene ne, na ce na matata ne Inna, ta daɗe tana jira, a sa ta a addu'a.