Ɗauko Gwaggo a Ƙaramar Giya

Mijin ƙanwata ya yi kwas na wata uku a kan haƙar rijiyar burtsatse, tun daga nan ya zama Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya sa aka buga a katin ɗaurin auren 'yarsa, har liman ya saba. Ni ma haka nake kiransa don a zauna lafiya. A shekarar da wannan abu ya faru ya sayo wata farar a-kori-kura ta hannu, irin mai kujeru a baya, mai jan ƙafa huɗu. Kullum da safe sai an wanke ta a ƙofar gidansa a Kiru, ko da ba ta je ko'ina ba jiya. Bai taɓa sauke ta daga kwalta ba. Abin da ya fi ƙwarewa a kai a jikinta shi ne hon.

Ni kuwa aikin ungozoma na yi a asibitocin karkara har na yi ritaya, kuma a irin waɗannan motoci ake kai mu ƙauyuka rigakafi da awon ciki. Na zauna kusa da direbobi iri-iri, na ga yadda suke shiga taɓo da yadda suke fita. Na kuma iya tuƙi, marigayi maigidana ya koya mini. Injiniya ya san duk wannan, amma a wurinsa ni mai allura ce kawai.

Ana tsakiyar damina aka aiko cewa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zame a bakin rijiya ta faɗi a kan ƙugu. Tana zaune ne a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, idan an ratse daga hanyar Doguwa. Mai ɗori ya ɗaure ta, kwana shida ƙafa sai ƙara kumbura take. Na ce sai an kai ta Kano an ɗauki hoto. Motar haya ba ta shiga ƙauyen da damina, mai karayar ƙugu kuwa ba a ɗora shi a achaɓa. Ƙanwata ta roƙi mijinta ya kai ni. Ya amsa da sauri, don ya san dangi duka za su ji labari.

Ya zo ɗaukata da farar shadda da baƙin tabarau, kamar mai zuwa taron siyasa. Daga Kiru har Ƙafin Maiyaki yana yi mini bayanin motar: ƙarfin injinta, ƙasar da aka ƙera ta, da yadda ko dutsen Riruwai aka ce ta hau za ta hau. Na ce Allah ya sa alheri. Muka wuce Tudun Wada, muka ratse daga kwalta muka kama burji tsakanin gonakin masara. A wani kwari da ruwa ya kwanta jiya, ƙafafun baya suka fara juyawa a wuri ɗaya.

A irin motar nan akwai ƙaramar sanda kusa da sandar giya. Idan aka ja ta zuwa ƙarshe, mota tana shiga ƙaramar giya: ƙafafu huɗu su ja tare, ƙarfi ya ninka, gudu kuwa ya koma na mai tafiya a ƙasa. Direbobinmu ogzilari suke ce mata. Na nuna masa. Ya ce ai dama abin da zai yi ke nan. Ya tsaya, ya ja sandar, motar ta fita daga taɓon ba gardama. Sai da ya dube ni ta saman tabarau don ya tabbatar na gani.

Mun sami Gwaggo ta rame, amma bakinta yana nan. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan katifa, aka shimfiɗe ta a kujerar baya, na zauna na riƙe ƙafar da matashi. Injiniya bai kama ko gefen katifar ba, yana can yana goge laka daga jikin ƙofa da tsumma, yana nuna wa mutanen ƙauyen inda ya kamata su taɓa da inda bai kamata ba.

Muka sake ratsa kwarin lafiya, muka hau burji, muka fito kwalta. Bai cire ƙaramar giyar ba, ya manta da ita. Ya karya kan mota da ƙarfi ya hau titi, ƙafafun gaba suna ƙara suna tsalle-tsalle kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Ya sa giya ta uku, ta huɗu, ta biyar, inji yana kururuwa, mota kuwa tana rarrafe.

Na ce, "Injiniya, ba ka fitar da ogzilarin ba."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ina jira ne ta ɗan huce."

Sai ya kai hannu ya tura sandar muna cikin tafiya. Ƙarƙashin motar ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Gwaggo ta yi salati. Ya tsaya a tsakiyar titi, ya tura da hannu ɗaya, ya tura da hannu biyu, ya sa gwiwa. Sanda ta ƙi motsi.

Na san abin da ya faru, don na taɓa gani fiye da sau ɗaya. Idan aka yi tafiya a busasshiyar kwalta da ƙafa huɗu a ɗaure, musamman idan aka sha kwana, ƙafafun gaba da na baya ba sa tafiya daidai, sai ƙarafan ciki su murɗe su cije juna. Wani tsohon direbanmu ya taɓa yi mini bayani a kan hanyar Doguwa, ya ce ba ƙarfi ake sa mata ba, sassauta mata ake yi. Na faɗa wa Injiniya yadda na ji: ya sauka gefen hanya inda ƙasa take da laushi, ya miƙe sitiyari, ya yi ribas a hankali kamar tsawon mota uku ko huɗu, ya tsaya, ya taka kuloci, ya sa giya a firi, sannan ya gwada.

Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi. Ya ce, "Yaya, wannan fa ba ɗakin haihuwa ba ne. Mota ce ta zamani. Kwamfutarta ce ta rikice."

Motar da ko gilashinta da hannu ake murɗawa.

Ya kira wani abokinsa a Abuja, ya sa wayar a sifika don mu ji cewa yana da aboki a Abuja. Abokin ya ce a cire kan batir a mayar. Ya fita cikin rana da shaddarsa, ya cire, ya mayar, ya ɓata hannun riga. Sanda tana nan inda take. Ya buɗe bidiyo a waya, wani Bature yana magana a kan wata mota dabam, sabis yana yankewa, yana ɗaga wayar sama yana zagaya motar. Daga ƙarshe ya ɗauko sifanar taya ya shiga bugun sandar. A bugu na huɗu robar kan sandar ta fashe gida biyu, ta bar ƙarfen tsirara. Kowane bugu sai na ji Gwaggo ta damƙe hannuna.

Na sake cewa, "Injiniya, don Allah gwada ribas ɗin. Ba zai ci minti biyu ba."

Ya ce idan aka yi ribas a wannan hali giyabos zai fashe, kuma ba ni zan gyara ba.

Haka muka kama hanyar Tudun Wada a ƙaramar giya. Mai keke ɗauke da buhun taki ya wuce mu. Da wani amalanke mai shanu biyu muka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, har mai shanun ya yi mana sannu. Injiniya ya ɗaga gilashi don kada a gane shi, zafin inji yana shigowa ta ƙasa, Gwaggo tana zufa tana nishi. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ta cinye mana fiye da awa ɗaya.

A bakin gari muka sami wani gareji ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Bakaniken ya ga farar mota da farar shadda, nan take ya gane irin mutumin da Allah ya kawo masa. Injiniya ya ce masa kwamfuta ce, ko kuma giyabos. Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka riga ka gano ta. Giyabos ne. Sai an sauke." Ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba. Na tambaye shi kwana nawa, ya amsa wa Injiniya cewa biyu, in an sami kaya a Kano. Na ce akwai mara lafiya a kwance a ciki. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, Hajiya, ya ci gaba da yaba tayoyin.

Aka kira azahar. Su biyun suka tafi masallaci suna hira kamar tsoffin abokai. Makullin yana jikin motar.

Gwaggo ta buɗe ido ta ce, "'Yar nan, abin da kika ce a yi ɗazu, ke ba ki iya ba ne?"

Na ce na iya, amma motar ba tawa ba ce.

Ta ce, "Ƙugun nawa ne."

Na gyara mata matashin, na zagaya na shiga gaba. Kujerar ta yi mini nisa, sai da na jawo ta. Bayan garejin akwai fili na jar ƙasa, ruwan jiya bai gama bushewa a kai ba. Na tayar da mota, na gangara can a hankali. Gwajin farko bai yi ba, don ban miƙe sitiyari sosai ba. Na daidaita ƙafafun, na sake sa ribas, na bar ta tana ja da baya da kanta ba tare da na taka totur ba. Wajen tsawon mota huɗu na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashina, motar ta saki jiki. Na taka birki da kuloci, na sa firi, na naɗe ƙarfen sandar da gefen mayafina don kada ya yanke ni, na tura. Da yatsu uku ta tafi. Na mayar da motar ƙarƙashin darbejiyar, na mayar da kujera yadda take, na shiga wani gida kusa na yi sallah.

Da na fito na tarar da Injiniya a zaune a gaba yana wasa da sandar, gaba da baya, bakanike yana tsaye a kansa fuska ba walwala. Injiniya yana cewa dama ya faɗa tun farko, hucewa kawai take buƙata, kuma dukan da ya yi mata ne ya sassauta ta. Bai lura an juya wa motar fuska ba. Bakaniken ya lura. Ya dubi sawun tayoyi a jar ƙasa, ya dube ni, ya kawar da kai.

Gwaggo ta ce daga kujerar baya, "Ɗan nan, yayar matarka ce ta cire, ina kwance ina kallo. Ja mu tafi."

Ya yi dariya ya ce tsofaffi da zazzaɓi sai a hankali. Daga nan har Kano bai sake yi mini magana ba, ya kunna rediyo. Da muka wuce mararrabar Bebeji ya fara gudun da bai kamata a yi da mai karaya ba, sai da na ce ya rage sau biyu.

Mun isa asibiti bayan la'asar, masu ɗaukar hoto sun tashi, sai washegari aka duba ta. Likita ya ce ƙashin ya fara haɗewa a karkace tun a ƙauye. Ba zan ɗora wa Injiniya wannan ba, kwana shidan mai ɗori ne suka yi ɓarnar. Abin da nake ɗora masa shi ne awa uku da tsohuwa ta yi tana cizon leɓe a bayan mota don kada a ce mace ta gaya masa abu ya ji.

Aka yi wa Gwaggo aiki, ta yi wata biyu a gidana tana koyon tafiya da sanda mai ƙafa huɗu. Ta rayu shekara uku bayan haka, tana ɗingishi, tana zuwa gonarta ta gyaɗa a kan jaki. Ƙanwata ta zo ta same ni a ɗaki ta roƙe ni kada in ba da labarin a cikin dangi, wai Injiniya yana da hawan jini. Na yi mata alkawari, na kuma cika. Gwaggo ce ba wanda ya tuna ya roƙa, ita kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ji shi tun daga kwarin har garejin, da muryar Injiniya da ta bakanike, kafin ta bari a miƙa mata lemon da aka kawo.