Lakar Kaniwo a Ƙafata

Lambuna yana gangaren gari, inda kaniwo, wato babbar kwatar gari, ke zubar da duk abin da Damagaram ta gama da shi: ruwan wanki, ruwan makewayi, da na majema mai warin fata. Da shi nake ban ruwa. Mai cewa ƙazanta ce, ya zo ya nuna mini wani ruwan a garin nan na duwatsu. Su turo mana dauɗarsu, mu mayar musu da ita ganyen salati kore shar, su saya suna toshe hanci.

A lambun mahaifina na Mirriya na tashi. Can in fartanya ta sare ka, laka za ka dangwalo a bakin rijiya ka liƙe wurin, jini ya tsaya, ka koma aiki. Shi ya sa ranar da na taka fasasshiyar kwalba ina ɗiban ruwa a kaniwo, hannuna bai tambaye ni ba. Ya dumbuzo baƙar lakar wurin ya danna a ciwon.

Kafin Juma'a ta zagayo, ƙafar ta yi kamar turmi. Zazzaɓi ya kayar da ni. Uwar ƴaƴana ta tsaya a kaina.

"Malam, ko ka tashi mu je likita, ko in kira maƙwabta su ɗauke ka kamar buhun gero."

"Ƙaiƙayi ne kawai."

"Ƙaiƙayin ne ke wari haka? Kaji ma sun ƙaurace wa ƙofar ɗakin."

Likitan ya buɗe tsumman, ya kau da kai. Ya ce me na sa? Na ce laka.

"Lakar ina, Baba?"

Da na faɗa masa, ya daɗe yana kallona. Ya ja layi da biro a ƙwaurina, ya ce in jan nan ya haura layin, daga gwiwa za a yanke. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, amma wannan layin na karanta shi sarai. Mai lambu da ƙafa ɗaya, wa zai ɗaukar masa ruwa zuwa komayen shuka?

Kullum allura, kullum wanki da ke sa ni kiran uwata. Da gari ya waye sai in yaye zane in duba. Jan ya matso, ya matso, saura faɗin yatsa. Sai ya tsaya. Sannan ya soma ja da baya.

Ƙaramin yatsan ƙafar kawai suka cire. Uwar ƴaƴana ta ce dama ba ya noma, ba ya ban ruwa, cin tuwo kawai yake.

Kaniwo na nan yadda yake, babu wanda ya zo ya gyara, ban kuma sa rai ba. Ruwansa nake ɗiba har yau, sai dai da takalmin bot na roba har gwiwa, ga butar ruwan famfo da sabulu a gindin darbejiya. Ranar da na koma lambu, a ƙasa na taka tun daga gida. Na iske salatin ya ƙone ƙurmus. Na tsaya a kansa da ƙafafuna biyu ina dariya, har maƙwabcin lambuna ya ɗauka zazzaɓin ne bai sake ni ba.